Gyambon Ciki Ya Hana Ni Azumi

Tambaya: Malam, ina fama da gyambon ciki, likita ya hana ni zama da yunwa. Tun Larabar Toka matan zumuntarmu suke azumi daga shida zuwa shida, ni kuwa sai in shige ɗaki in ci a ɓoye. Anya Allah zai karɓi ibadata? Daga wata 'yar Katolika a Kafanchan.

Amsa: 'Yar'uwa, fito da kwanonki tsakar gida. Rana biyu kacal Ikkilisiya ta wajabta azumi, Larabar Toka da Juma'ar da aka gicciye Yesu, ga 'yan shekara 18 zuwa 59. Ko a ranakun nan an yarda a ci sau ɗaya a ƙoshi, a ɗan taɓa kaɗan sau biyu. Mara lafiya kuwa an ɗauke masa. Shida zuwa shida al'ada ce mai kyau, amma ba doka ba ce.

Ki buɗe Ishaya sura 58. Mutane suna gunaguni wai sun yi azumi Allah bai duba ba, alhali a ranar suna matsa wa ma'aikatansu, suna faɗa da juna. Abin da ya nema a wurinsu shi ne su raba abincinsu da mayunwaci, su suturta marar sutura. Wannan kam gyambo bai hana ki ba. Barin nama ran Juma'a wajibi ne, amma a gidan da sai an yi wata ba a ga tsoka ba, wace sadaukarwa ke nan? Gara ki bar lemon kwalba ko ki rage sayen data, ki riƙa jefa kuɗin a asusu, kafin Ista ki auno wa wata gwauruwa masara.

Akwai sadaukarwar da ta fi wannan ɗaci. Tereza ta Lisieux a Faransa, wadda tarin fuka ya kashe a 1897 tana da shekara 24, ba ta shahara da dogon azumi ba. Akwai wata sista da jininsu bai haɗu ba, sai ta riƙa tarbarta da fara'a har matar ta zaci ƙaunarta take yi ta musamman. In akwai facala ko maƙwabciyar da kuke gaba, gobe da safe ki riga ta gaisuwa, kada kuma ki ba kowa labari.

Maganinki kuwa ki sha shi a kan lokaci. In matan zumunta sun tambaya, ki ce musu likita ne ya hana, Fada ma ya sani, amma ki fara gaya wa Fadan tukuna.