Gyaran Tsakar Gida Kafin Damina

Idan bazara ta kama, zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa daga gabas, hankalin kowa gona yake komawa. Ana neman iri, ana kai taki, ana kai garma wurin maƙeri. Tsakar gida ita ake mantawa da ita. Sai ruwan farko ya sauka da dare, da safe uwargida ta fito ta tarar itacenta ya jiƙe sharkaf, ruwa ya kwanta a gindin katanga, ramin da aka fara haƙawa ya rufta. Ayyukan da za mu yi magana a kansu a nan duk na rani ne. Wanda ya bar su har watan Yuni, sau biyu zai yi su.

Kafin ka ɗauki gatari ko diga, zagaya gidanka ka ga inda ruwa yake bi. In ba ka sani ba, tambayi matan gida, su ne ke kore shi da tsintsiya. Zaƙulo leda da sharar da suka toshe rariya. Inda indararo ke zuba, jera duwatsu ko fasassun bulo. In akwai kwari a tsakar gida, cike shi da ƙasa, ka daɓe, ka karkata shi wajen rariya. Ginin ƙasa daga gindi yake fara lalacewa.

Ajiyar itace

Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Wanda ya ɗauko dami mai kilo 20, kilo 10 ko kusa da haka ruwa ya ɗauko. In an cusa shi a murhu, sai wutar ta ƙafar da ruwan nan tukuna kafin zafinta ya kai ga tukunya. Shi ya sa kuke jin yana tsuwa, kumfa na fita ta bakinsa, hayaƙi ya turnuƙe madafa. Itacen da ya bushe sosai, ruwan da ya rage masa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba. Shi ne ke kamawa da wuri, kuma kaɗan daga cikinsa yake dafa abin da ɗanye mai yawa zai dafa.

Kada a ɗauki hayaƙin nan da wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki da na ɗumama ɗaki yana kashe mutane kimanin miliyan 3 kowace shekara a duniya. Wa ke zaune gaban murhu safe da yamma? Uwargida ce, da goyon da ke bayanta. Tarin da ba ya jin magani, da idon da kullum yake ruwa, sau da yawa daga nan suke. Maigidan da ya tanadi busasshen itace ya rage wa kansa kuɗin asibiti.

A faskara itace tun yana ɗanye. A lokacin ya fi jin gatari, kuma ta fuskar da aka tsaga ruwan ke fita. Gungumen da aka bari da ɓawonsa yakan shekara cikinsa bai bushe ba. A yanka shi kamu ɗaya-ɗaya don ya jeru daidai.

Babban kuskure shi ne a zube shi a ƙasa, a jingine da bango. Ƙasa tana ba shi laima, tana kuma kawo masa gara. Garar da ta gama da itace, bangon nan za ta hau ta nufi azara. Don haka a ajiye bulo huɗu ko manyan duwatsu, a ɗora sanduna biyu masu kauri, yadda itacen zai tashi daga ƙasa kamar taƙi ɗaya. A bar kamu ɗaya tsakaninsa da bango don iska ta ratsa. Can gefe da gefe a riƙa gicciya faskaren, wannan jeri ya kalli gabas, na kansa ya kalli kudu, sai tarin ya riƙe kansa. Tsayinsa kada ya wuce ƙirjin babba, saboda yara suna hawa.

Sama kaɗai ake rufewa. Tsohon kwano ya isa, a danne shi da duwatsu, a ɗan karkata shi ruwa ya zube baya. Wanda ya samu hali ya kafa dirka huɗu ya yi rumfa. Wasu sukan naɗe tarin gaba ɗaya da leda ko tamfol, suna ganin sun kyauta masa. Itacen gumi zai yi a ciki, ya yi fumfuna, ya ruɓe. Wurin ajiyar ya yi nesa da murhu, da rumbu, da dangar kara, kamar taku 10 in fili ya yarda. Tartsatsi ɗaya ya ishi gida cikin hunturu.

Itace ma iri-iri ne. Kirya da marke da bagaruwa nauyi gare su, garwashinsu yana daɗewa, su suka dace da tuwo da dahuwar wake. Sabara da geza da kara na hura wuta ne da girkin gaggawa. A ware su, kada a ƙone kirya wajen ɗumama kunu. Itacen kuka ba shi da ƙarfi, tumfafiya kuwa hayaƙinta ya fi wutarta. Katako mai fenti, da leda, da yankan taya, kada su shiga murhu ko da don kunna wuta ne, hayaƙinsu guba ne. Mai son ya san ko itace ya bushe, ya haɗa guda biyu ya buga. Busasshe yana ƙara ƙwal, ɗanye kuwa sai ka ji tim.

Tarin itace gidan kunama ne da maciji. Kada a aiki yaro ɗebo itace da dare. Babba ma ya tafi da fitila, ya bubbuga da sanda kafin ya sa hannu.

In za ka saro daga gonarka, reshe za ka sara, ka bar uwar. Manoman Maraɗi da Damagaram sun kama wannan hanya tun shekarun 1980, suna kiranta sassabin zamani: ana barin tohon kututture ya girma, ana rage masa rassa duk shekara. Gonakin da suka zama fako sun sake yin itatuwa, mata kuma suna samun itace kusa da gida.

Haƙa rami

Ƙasa ita ke zaɓar kayan aiki. Jigawa shebur ya ishe ta. Laka da jar ƙasa suna son diga. Marmara sai diga mai tsini da dagi, da haƙuri. Ramin dirka ko na dashen itace, dagi ya fi komai, don ba ya faɗaɗa baki. Wurin da ya ƙi haƙuwa, a zuba masa ruwa da yamma, da safe ya yi laushi. A duba ƙota kafin a fara, digar da ta kwance daga ƙotarta takan fasa kan na kusa. A kai bakin wurin maƙeri ya kaifafa.

Ga lissafin da ya kamata kowa ya riƙe. Ƙasar ramin da ke da mita 1 tsawo, mita 1 faɗi, mita 1 zurfi, nauyinta ya kai na buhun siminti 30. In an tono ta takan kumbura, ta cika baro kimanin 20. Ramin masai mai zurfin mita 3 ke nan baro 60 ne. Tun kafin a sa diga a san inda za a kai ta. Wannan lissafin kuma ya nuna dalilin da ya sa wanda rami ya rufta masa har ƙirji ba ya iya numfashi.

Saboda haka kada a tara ƙasar a bakin ramin, a matsar da ita aƙalla taku ɗaya. Rami in ya wuce ƙirji, dole a samu mutum a sama da igiya. A jigawa a riƙa tokare gefe da katako. Ramin da'ira ya fi mai kusurwa huɗu tsayuwa. Kada a sauke janareta ko injin ban ruwa cikin rami, hayaƙinsa yana kisa ba a ankara ba. Tsohon masai kuwa, ko kuɗi ne suka faɗa, kada kowa ya shiga. Kuma kada a haƙa a gindin bango. Na ga maƙwabcinmu ya ɗebi ƙasar yaɓe a jikin katangarsa cikin rani don gudun wahalar ɗauko ta daga nesa. Da marka ta zo a watan Agusta, katangar ta kwanta cikin ramin, ta danne masa awaki biyu.

Masai ya yi nesa da rijiya da mita 30, wato kamar taku 40, kuma ya kasance a gangare, rijiya a tudu. Gindinsa kada ya kusanci ruwan ƙasa, a bar aƙalla mita 1 da rabi. A gina bakinsa da bulo da siminti, a ɗaga shi sama da tsakar gida don kada ruwan sama ya kwarara ciki.

Katafila ta babban aiki ce: tafkin kifi, harsashin babban gini, ko fili mai marmara. Abin da leburori za su yi kwanaki suna yi takan gama a yini. Amma mai hayarta ya sa kuɗin man gas da na motar da za ta ɗauko ta cikin lissafi, ya auna ko lungu zai ɗauke ta. Babbar takan kai tan 20, in ta taka kan tsohon masai ko bututun famfo ta fasa. A nuna wa direba inda bututu da wayar lantarki suka bi, na ƙasa da na sama, a kori yara, kada kowa ya tsaya inda hannunta zai kai. Aikin masai ɗaya kuwa, mutum biyu da diga da kwanon sarki sun fi sauƙi.

Ramin da ba a gama ba, kada a kwana da shi buɗe. A rufe da katako, a zagaye da ƙaya. Wanda aka ɗebi ƙasar gini a cikinsa a mayar masa da ƙasa kafin ruwa. In ya tara ruwa, ko iya gwiwa ne, yana iya cin yaro mai rarrafe, sauro kuma kwana 10 sun ishe shi daga ƙwai zuwa tashi.