Gashi Ya Fi Suya, Amma da Sharaɗi

Aikina a asibiti shi ne tsara wa marasa lafiya abinci, galibi masu hawan jini da ciwon suga da masu fama da ƙiba. Likita ya rubuta magani, sai a turo mini su mu zauna mu yi maganar tukunya. Wata Hajiya da nake gani tun bara ita ta sa na ɗauki alƙalami yau.

Zuwanta na farko na ce ta rage soye-soye, ta koma gashi da dahuwa. Bayan wata biyu ta dawo da fara'arta, ta ce ɗanta ya sayo mata oben, ta jingine kaskon suya. Sai dai awon jininta yana nan inda yake, nauyinta ma ya ɗan ƙaru.

"Hajiya, me kike gasawa?"

"Dankali da kaza mana, 'yata. Irin wanda ake jerawa a kwano ɗaya a tura oben. Jikata ce ta gano mini a waya."

"To lissafo mini abin da ke shiga ciki, kada ki tsallake komai."

Ta shiga ƙirga da yatsu: bota, mayonis cokali huɗu, madarar gwangwani, sosej, dunƙule biyar, ga gishiri, sannan a rufe sama da cukun kanti. Na ce ganye fa? Ta ɗan yi shiru, ta ce, "Akwai albasa." Na ajiye biro na ce, "Hajiya, ai an yi gudun gara an faɗa gidan zago."

Ba ita kaɗai ba ce. Wannan haɗi da Turawa ke kira kasarol, sunan da ya fito daga kalmar Faransanci ta tukunyar da ake dafa shi a ciki, ya shigo gidajenmu ta waya, ya kuma shigo da kayansa na ƙasashen sanyi: bota da kirim da cuku da naman gwangwani. Mutane suna ganin tunda ba a tsoma shi a mai ba, ya zama abincin lafiya. Oben zafi kawai yake bayarwa. Abin da hannu ya zuba a kwano shi ciki zai karɓa.

Amfanin gashi na gaskiya a wajen mai yake. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa yana ɗauke da kalori kusan 120, kuma dankalin da aka tsoma a kasko shan mai yake kamar soso. Kwanon gashi da zai ciyar da mutum shida cokali biyu ya ishe shi. Ga kuma hutu daga man da ake soyawa a juye a kwalba a sake soyawa har ya yi baƙi, wanda kowane zafi ƙara lalata shi yake. Amma in aka cire man kasko aka maye gurbinsa da bota da mayonis, an yi ba a yi ba.

Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da wanda ke ɓoye a burodi da sosej da kifin gwangwani. Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne, wani ma ya fi. Gashi yana ƙona ruwan abinci, ɗanɗano ya tattaru, don haka ba ya buƙatar yawan abin da miya ke sha. Daddawa da tafarnuwa da citta da masoro da ɗan kimba suna ɗauke rabin aikin, a matsa lemon tsami bayan an sauke.

Ƙa'idar da nake zana wa kowa a bayan katinsa ita ce a raba kwanon gida huɗu. Biyu na kayan lambu ne: alayyahu, zogale, kabeji, karas, kabewa, yalo, tattasai. Ɗaya na mai gina jiki: kifi, kaza da aka cire wa fata, wake, ƙwai ko awara. Na ƙarshe na mai ba da ƙarfi: dankalin Turawa, dankalin Hausa, doya, ko dafaffen acca. Hukumar da na ambata tana so mutum ya ci giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace kullum, kuma ban san hanyar da ta fi wannan sauƙin shigar da ganye cikin yaro ba.

Ga wanda na koya wa Hajiya. A fere dankali madaidaita huɗu, a yanka fale-fale, a tafasa minti biyar kacal a tsane. A zuba mai cokali ɗaya a tukunya, a saka albasa da jajjagen tumatir da tattasai da daddawa, a bari ruwan ya ƙone har ya yi kauri. A zuba wa alayyahu ruwan zafi, a matse shi sosai da hannu, domin ganyen da ba a matse ba shi ke mayar da gashi fate. A dafa kifi, a zare ƙaya, a farfasa. A shafa wa kwano sauran cokalin man, a shimfiɗa dankali, a bi da miyar, sai ganye da kifi, a sake rufewa da dankali. Maimakon kirim, a kaɗa ƙwai huɗu da kofi ɗaya na kindirmo marar suga da cokali ɗaya na fulawa, wadda ke hana nonon tsinkewa. A kwarara a kai. Dunƙule ɗaya ya isa duka kwanon. A rufe a gasa a zafin digiri 180 na rabin awa, a buɗe a ƙara minti goma. In an soka wuƙa a tsakiya ta fito ba danshin ƙwai, ya yi. A bar shi ya huta minti goma kafin a yanka, in ba haka ba zai wargaje.

Wasu za su ce ina suka ga oben, ina kuma wutar. Mutanen da suka gaji gasa gurasa a tanderu ba baƙin gashi ba ne. A samu tukunya mai faɗi da kauri, a zuba wankakken yashi busasshe ya kai tsayin yatsu biyu, a rufe a ɗora a kan gawayi ko gas minti goma sha biyar. A jera duwatsu ƙanana uku a kan yashin, a ɗora kwanon a kansu, a rufe, a zuba ɗan garwashi a kan murfi don sama ta gasu. Kwanon ya zama na ƙarfe, ban da roba, ban da leda. Gawayi kuma a tsakar gida ake hura shi. Iskar da yake fitarwa a rufaffen ɗaki ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa, musamman lokacin hunturu da ake toshe tagogi.

A kula da launi. A shekarar 2002 masu bincike a Suwidin suka gano cewa abinci mai sitaci, irin dankali da burodi, yana samar da wani sinadari mai suna akirilamayid in zafi ya haura digiri 120, kuma yana ƙaruwa gwargwadon duhun gashin. Yana cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya jawo kansa. In saman ya yi ruwan zinare a sauke, abin da ya ƙone a kankare a zubar. Kaza kuwa sai ta dahu har ƙashi, ba ja, ba ruwan jini.

Ragowa ita ce inda muka fi sakaci. Haɗin ƙwai da nono da kifi ba ya jure zafin garinmu. Kada ya wuce awa biyu a ajiye a waje. In babu tabbacin wutar firij, a gasa daidai cin lokaci ɗaya. In za a ɗumama, ya yi zafi har tsakiya, tururi na tashi.

Masu ciwon suga su sani dankali ko an gasa dankali ne, yana ɗaga suga, shi ya sa na ba shi kashi ɗaya cikin huɗu. Masu ciwon ƙoda su tuntuɓi likitansu tukuna, domin dankali da tumatir da alayyahu suna da sinadarin fotasiyam da yawa. Kuma kada wanda ya ajiye maganinsa don ya gyara abinci. Tare suke tafiya.

Hajiya ta yi mita a makon farko, ta ce abincin lami ne. Na ce ta ba harshenta mako uku, domin harshe sabo yake yi da gishiri, yana kuma iya sabawa da ƙarancinsa. Zuwanta na baya-bayan nan awon ya fara sauka, tana kuma shan maganinta a kan lokaci. Ta ciro wani ƙaramin kwano daga jaka ta ajiye mini a tebur, da sauran ɗuminsa. Da kabewa da zogale ta yi nata, ta ce kifin ma busasshe ne.

"Ɗanɗana ki ji, 'yata. Jiya na ci miyar biki, wallahi gishirin har ya ɗaure mini harshe."