Albarkar Da Ke Cikin Katangarku: Nasiha Ga Matasan Nasarawa

'Ya'yana, maza da mata, ku da kuka buɗe ido a Nasarawa GRA. Ku ɗan kasa kunne, magana ce ta uba da 'ya'yansa, babu faɗa a cikinta. Allah Ya ba ku abin da yawancin sa'o'inku na Kurna da Brigade da cikin Birni suke nema ruwa a jallo: fili a cikin gida, ruwan rijiyar burtsatse, da katangar da ta kewaye komai. Damuwata ita ce da yawanku kuna taka ƙasar nan safe da yamma, amma ba ku taɓa duƙawa kun sa mata hannu ba.

Ku san asalin wurin da kuke zaune. Kafin Turawa su ci Kano a 1903, Nasarawa gandun Sarki ce, ƙasar noma. Da suka zo, suka kafa mazauninsu a wannan ɓangare, suka yanka manyan filaye, aka dasa itatuwan da kuke shan inuwarsu. A nan Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909, gidansa kuma yana nan har yau. Bayan samun 'yanci a 1960, da namu suka gaji gidajen, iyayenku mata ba su bar filin ya zauna haka ba. Da wuya ka shiga gida ba ka tarar da akurkin kaji a gefen boskwata ba, ko tunkiya a turke, ko zogale a jikin katanga. Babban titin unguwarku ma sunan manomi yake ɗauke da shi. Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya gina dam ɗin Tiga, wanda ruwansa ke shayar da Kadawa da Kura har gobe, kuma da ya sauka daga mulki noma ya koma.

Yanzu an bi tsakar gida an shafe da intalok tun daga ƙofa har ƙurya. Ruwan sama ya rasa inda zai nutse, sai ya kwarara titi. Ganyen miya na cefanen rana ɗaya sai an tashi mota. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ku da kanku kun ji yadda ake maganar cefane a gidajen da a da ba a yin ta. Ba ina ce muku filin gida zai ciyar da ku gaba ɗaya ba. Masara da shinkafa da gero dole sai an je Dawanau ko an noma a ƙauye. Amma kayan miya, da ƙwai, da naman kaji, da ragon layya, duk suna iya fitowa daga cikin katangarku. Abin da ya fi waɗannan daraja shi ne ilimin da zai zauna a hannunku, domin gida ana iya sayar da shi ranar rabon gado, amma abin da hannu ya koya ba mai raba ka da shi.

Ku fara da lambu, shi ne mafi sauƙin asara. Ku duba inda rana take sauka aƙalla awa 6, domin ƙarƙashin tsofaffin mangwarorin nan ganye ba ya yin ƙarfi. Idan Baba bai yarda a ɗaga intalok ba, kada ku yi jayayya da shi. Ku samo tsofaffin buhuna, ku huda gindinsu, ku cika su da ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, ku jera a inda aka ba ku dama. Alayyahu cikin mako 3 zuwa 4 ya isa yanka. Kuɓewa wata biyu ta fara 'ya'ya. Zogale ko reshensa kuka kafa zai kama. Ranar da Hajiya ta yi miya da ganyen da kuka shuka, ita da kanta za ta nema muku ƙarin wuri.

Ku kuma san cewa kowane lokaci da shukarsa. Damina ta kuɓewa ce da rama da yakuwa da lalo da kabewa. Tumatir da albasa da karas da salak da kabeji sun fi son sanyin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Bazara kuwa sai an yi rumfa, a riƙa ban ruwa da asuba da kuma bayan la'asar, a lulluɓe gindin shuka da busasshen ganye don laima ta daɗe. Ruwan alwala da na wanke shinkafa kada ya tafi kwata, ku tara shi a bokiti. Kafin ku ruga sayen maganin feshi, ku gwada ruwan jiƙaƙƙen ganyen darbejiya ko dakakkun 'ya'yanta, ga ta nan birjik a unguwa. Idan abin ya fi ƙarfinku, kamar tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye tumatirin Kadawa a 2016, ku nemi malamin gona. Hukumar KNARDA tana kan titin Haɗeja, ba nisa da ku.

Idan lambu ya zauna, sai kaji. A nan ne na ga matasa da yawa sun ƙona kuɗin iyayensu. Yaro zai ga bidiyo a waya, ya karɓi jari, ya zuba kaji 500 alhali bai taɓa raya 10 ba. Da rarrafe yaro kan tashi. Ku fara da 20, ku kuma riƙe biro da littafi. Kazar ƙwai ba ta fara yi sai ta kai mako 18 zuwa 20, duk tsawon lokacin nan ci take yi ba ta biya. Idan ta fara, tana cin kusan giram 120 a rana. Ke nan kaji 20 za su cinye buhu mai kilo 25 cikin kamar kwana 10, su kuma ba ku kusan kiret 5 idan suna kan ganiyarsu. Ku tambayi kuɗin buhu, ku tambayi kuɗin kiret, ku cire magani da mace-mace. Wanda ya yi wannan lissafi tun kafin ya sayi ɗan tsako ba ya kuka daga baya. Wanda ba shi da ƙarfin sayen abincin kamfani ya riƙe kajin Hausa, su da suka saba da dusa da ragowar tuwo, suna kwanci su ƙyanƙyashe a kwana 21. Akwai kuma ShikaBrown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, Zariya, ta samar don ta dace da yanayinmu.

Abin da ke share akurki shi ne sakaci da rigakafi. Kowane hunturu cutar nan da ke sa kaza zawo da murguɗewar wuya tana zagayowa, ba ta da magani sai rigakafi, kuma cibiyar Vom ta Jihar Filato tana yin sa. Ku bi jadawalin da likitan dabbobi ya ba ku, kada ku bi na maƙwabci. Mu da muka ga murar tsuntsaye a 2006, lokacin da ta ɓulla a Jihar Kaduna ta faɗo Kano aka riƙa binne kaji dubbai, mun san darajar tsafta. Kada kowa ya shiga akurki da takalmin da ya je kasuwar kaji. Kazar da aka sayo ko aka kawo kyauta a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran. Idan kun ba kaza maganin ƙwayoyin cuta, ku jira kwanakin da aka rubuta a jikinsa su cika kafin a ci ƙwanta ko namanta, balle a sayar wa wani. Wannan amana ce tsakaninku da Allah, domin mai saye ba zai gani ba.

Kiwon tumaki da awaki kuwa gadon Annabawa ne. Ya tabbata a hadisi cewa babu Annabin da bai yi kiwo ba, don haka babu ɗan da ya fi ƙarfin sharar turke. Jar akuyar Sakkwato, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira ta Maraɗi, cikinta wata 5 ne, kuma ta saba haifar tagwaye. Mai son ragon layya ya sayi ramamme mai lafiya wata 3 ko 4 kafin Babbar Sallah, Balami ko Uda ko ɗan ƙasa, a Wudil ranar Juma'a ko Dambatta ranar Lahadi. Ya tafi da wanda ya san duba haƙori da ido da kofato. Ribar kiwon turke tun a kaka ake cin ta, lokacin da harawa da ƙowa suke araha. Ku saya ku ɗora a sama inda ruwa da gara ba sa kai wa. Wanda ya bari sai bazara ya sayi harawa ɗauri-ɗauri, ragon ne zai ci ribar. Ku ba da maganin tsutsar ciki, ku yi rigakafi, ku kuma tsince kowace leda a gidan, domin leda ta kashe awakin Kano da yawa.

Ku lura yadda abubuwan nan suke riƙe da juna. Ragowar abinci da ganyen da aka tsinke na kaji da awaki ne. Kashinsu a tara a rami da busasshen ganye, a yayyafa ruwa, a bar shi wata 2 ko 3 ya ruɓe, domin ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka. Daga nan ya koma lambu, lambu ya dawo tukunya. Da haka kakanninmu suka riƙe gonakin kewayen Kano shekara da shekaru ana nomawa ba hutu: da rani jakuna su fita da taki daga Birni, su dawo da itace da kara.

Sai adanawa, kuma a nan ne 'ya'yana mata nake so ku zauna kusa da kakanninku tun suna raye, mazan ma kada su yi nisa. Firiza tana da amfani, amma wuta ba ta da tabbas, man janareta kuma ya yi tsada. Daga Janairu zuwa Maris tumatir yakan yi yawa a 'Yankaba har ya riƙa ruɓewa, da damina kuma ya gagari talaka. Ku sayi kwando a lokacin arha, ku yanka, ku shanya a kan tabarma mai tsafta a saman tebur ko rufi, ku rufe da raga saboda ƙuda da ƙura. Kauɗar da aka yi a gida da tsafta daban take da wadda aka shanya a bakin titi. Ko kuma ku markaɗa, ku dafa har ruwan ya tsane, ku ɗura da zafinsa a kwalaben da aka tafasa, ku rufe, ku sake tafasa su a tukunya. Tattasai da attaruhu da kuɓewa duk rana ce ke adana su. Zogale kuwa a inuwa ake shanya shi don kada ya rasa korensa da amfaninsa. Naman layya a soya shi ya soyu sosai, ko a yi dambu, ko a koyi kilishi.

Wake da masara sai sun bushe har ƙwaya tana ƙaras a haƙori kafin a ɗaure. Hatsi ko gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar da ke lalata hanta, ko kaji kada a ba su. Ina roƙonku da girman Allah, kada ku zuba maganin feshi a cikin abin da mutum zai ci. Jarka mai murfi da ba ta shan iska ta isa, ko buhun nan mai gida uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar tare da masanan Afirka. Idan iska ta ƙare a ciki, ƙwarin da kansu suke mutuwa.

Akwai haƙƙoƙi biyu da ba na so ku manta. Na farko na dabba. Duk abin da kuka tsare, cinsa da shansa suna wuyanku, ko ranar biki ce, ko ranar jarrabawa. Kun san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Na biyu na maƙwabci. Nasarawa unguwar zama ce, ba gidan gona ba. Wari da ƙuda da ruwan akurki kada su tsallaka katanga. Idan kiwo ya girma, a fitar da shi wajen gari, ta Gezawa ko Minjibir ko Kura. Abin da ya kamata ya tsallaka katanga shi ne kwanon ƙwai da damin alayyahu, a kai wa maƙwabta, a kai wa mara lafiya, a ba masu aikin gida su kai wa iyalansu.

Na san yadda aka saba a unguwar nan: a ce wa mai gadi ya ba da ruwa, a ce wa yaron gida ya share. Idan kun yi haka, su ne za su iya, ku kuna nan yadda kuke. Baba mai gadin da kuke wucewa kullum, wataƙila ya yi damina talatin a gona kafin ya zo birni. Ku gaishe shi da ladabi, ku ce ya koya muku, ku riƙe fartanyar da hannunku, idan an samu riba ku fitar masa da rabonsa. Karatunku ba zai ragu ba, ƙaruwa zai yi, domin mai kiwo yana koyon tashi da wuri, da lissafi, da haƙuri ranar asara. Asarar kuwa za ta zo. Kaza za ta mutu, shuka za ta ƙi. Ku ce Allah Ya mayar da alheri, ku binciki dalili, ku sake.

Kada ku jira sai kun gama makaranta ko sai an ba ku jari. A makon nan ku nemi iznin iyaye, ku cika buhu biyar, ku zuba iri. An ruwaito cewa duk Musulmin da ya shuka abu, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga ciki, an rubuta masa sadaka. Allah Ya sa albarka a hannuwanku, Ya tsare dabbobinku daga annoba, Ya sa ku zama masu ciyarwa, Ya kuma jiƙan magabatanmu. Amin.