Inda Jirgin Ƙasa Yake Sauya Wuta: Darasi a Kan Fassara da Ƙirƙirar Kalmomi

1.0 Gabatarwa

A darasin fassara akan gargaɗe mu da cewa kada ɗalibi ya kuskura ya fassara abin da bai fahimci yadda yake aiki ba. Wannan maƙala za ta gwada wannan gargaɗi a kan wani al'amari da ya yi nisa da mu a nan Maiduguri, wato ɗabi'ar wasu mutane a ƙasashen Turai ta zuwa tasha domin kallon jiragen ƙasa masu aiki da lantarki, musamman a wuraren da jirgi yake barin wani nau'in wuta ya kama wani. Mai karatu zai iya cewa, mu da rabonmu da jin kukan jirgi a tasharmu an yi shekaru, ina ruwanmu da wannan? Amsar tana tafe. Amma kafin nan sai mun san su wane ne masu kallon, kuma mene ne suke kallo.

2.0 Masu ɗaukar lambar jirgi

A Ingila aka fi sanin wannan ɗabi'a. A shekarar 1942 wani matashin ma'aikacin kamfanin jirgin ƙasa na kudancin ƙasar, mai suna Ian Allan, ya buga wani ɗan littafi da ya jera lambobin kawunan jiragen kamfanin. Yara suka riƙa saye, suna tsayawa a ƙarshen dakalin tasha da fensir, duk kan jirgin da suka gani sai su ja layi ƙarƙashin lambarsa. Yaran suka girma, ɗabi'ar ba ta bar su ba, sai dai kyamara da wayar hannu sun maye gurbin fensir.

Tun a nan matsalar fassara ta fara. Idan muka ce "masu kallon jirgi", ai duk yaron da ya taɓa bin jirgi da gudu yana ɗaga wa fasinja hannu ya shiga ciki. Idan muka ce "'yan leƙen jirgi", kalmar leƙe tana ɗauke da warin leƙen asiri, su kuwa a fili suke abinsu. A ganina "masu ɗaukar lambar jirgi" ta fi kusa, domin ta ambaci aikin da ya bambanta su da ɗan kallo. Tana da tsawo, gaskiya ne, amma Bahaushe ba ya ƙin doguwar kalma idan ta faɗi abin da ake nufi.

3.0 Wuta iri biyu

Duk wanda ya zauna a Maiduguri a shekarar 2021, lokacin da aka lalata turakun da ke kawo wuta ta hanyar Damaturu garin ya shafe watanni a duhu, ya riga ya san rabin wannan darasi ko da bai shiga ajin kimiyya ba. Wutar da farantin sola yake bayarwa, wadda batir yake ajiyewa, hanya ɗaya take bi, ba ta waiwaye. Wutar gari da ta janareto kuwa juya alkibla take yi, ta je ta dawo sau 50 a cikin sakan guda. Shi ya sa ake sayen inbata, domin ta mayar da ta farko ta koma irin ta biyu kafin fanka ko firji su karɓe ta. Kuma kowa ya san abin sauya layi da ake kafawa a bango: sai an raba gida da wutar gari tukuna a haɗa shi da janareto, idan aka bari suka gamu, ɓarna ce.

Ta farko zan kira ta "miƙaƙƙiyar wuta". Ta biyu na fara kiran ta "wuta mai kai-da-kawo", har sai da wani abokin karatuna ya ce ai wannan ita ce wutar da muka sani tun muna yara, a kawo a ɗauke. Dariya aka yi, amma gyara ne na gaske. Kalmar da za ta kai tunanin mai sauraro wani wuri dabam ba ta yi aikinta ba, ko da ta dace da ƙa'idar nahawu. Don haka na koma ga "wuta mai juyi".

Jiragen lantarki na farko-farko da yawansu miƙaƙƙiyar wuta suka ɗauka, saboda injinta ya fi sauƙin sarrafawa a wancan zamani. Aibinta shi ne ba a iya ɗaga ƙarfinta da taransifoma, sai a yi ta gina tashoshin ba da wuta kusa da kusa a gefen dogo. Wuta mai juyi kuwa ana iya tura ta da ƙarfi sosai ta yi nisa, jirgin ya rage ƙarfin da taransifomar da ke cikinsa. Kowace ƙasa ta yi zaɓinta a lokacin da ta fara, kuma abin da aka kashe wa dukiya ba a tumɓuke shi dare ɗaya. Sakamakon haka, Beljiyam ta ɗauki miƙaƙƙiya mai bolt 3,000, Holan mai bolt 1,500, Jamus ta ɗauki mai juyi mai bolt 15,000, Faransa kuwa ta tara biyu a gida ɗaya: miƙaƙƙiya mai bolt 1,500 a tsofaffin layukanta na kudu, da mai juyi mai bolt 25,000 wadda ta bunƙasa daga shekarun 1950, ita ce kuma yawancin sababbin layuka na duniya suke bi a yanzu.

To, jirgin da zai ratsa daga wannan tsari zuwa wancan fa? Nan ne masu ɗaukar lamba suke taruwa. Misalin da ya fi shahara shi ne tashar Farringdon a tsakiyar birnin Landan. Jirgin da ya taso daga arewa, alal misali daga Bedford, yana shan wuta mai juyi mai bolt 25,000 daga wayar da aka shimfiɗa a samansa, ta hanyar wani ƙarfe mai gwiwa da yake miƙewa daga rufinsa yana gogar wayar. Kaɗan gaba da nan zuwa kudu, hanyar Brighton, wayar sama tana ƙarewa. Akwai wani dogo na uku da aka kwantar a gefen biyun da ƙafafun jirgi suke takawa, ɗauke da miƙaƙƙiyar wuta mai bolt 750, jirgin kuma yana da wasu faifan ƙarfe a ƙasansa da suke zamewa a kai. Idan jirgi ya tsaya ɗaukar fasinja, sai a yanke wutar sama, ƙarfen nan mai gwiwa ya naɗe ya kwanta a kan rufi, jirgin ya koma shan wuta daga ƙasa. Fasinjan da ke ciki galibi ba ya lura. Wanda ke kan dakali da kyamara kuwa wannan naɗewar ya zo gani. Idan aka manta ba a sauke ƙarfen ba, zai iya dukan rufin rami ko ƙasan gada a inda wayar ta ƙare.

A nahiyarmu ma akwai irin wannan. Jirgi mai gudu na Maroko da ake kira Al Boraq, wanda aka buɗe a 2018, yana tafiya da wuta mai juyi mai bolt 25,000 daga Tanja zuwa Kenitra, daga nan ya hau tsohon layi mai miƙaƙƙiya mai bolt 3,000 zuwa Rabat da Kasabalanka. A wurare da dama ba a ma tsayawa. Akan bar wani ɗan tsaki na waya wanda babu wuta a cikinsa, direba ya yanke wuta, jirgin ya wuce wurin da ƙarfin gudun da ya kwaso, sannan ya kama ɗaya wutar. Wannan tsaki zan kira shi "matacciyar gaɓa". Ƙarfen rufi "hannun jirgi", tunda miƙa shi yake yi ya taɓo waya. Faifan ƙasa kuwa Turawa da kansu takalmi suke ce masa, kuma ban ga dalilin da zai hana mu ara ma'anar mu ce "takalmin jirgi" ba.

4.0 Namu sauyin

Layin da ya zo Maiduguri bai taɓa ganin lantarki ba. An fara aikinsa a 1958 da rancen dala miliyan 28 daga Bankin Duniya, rance na farko da bankin ya ba Nijeriya. Ya tashi daga Kuru kusa da Jos, ya bi ta Bauchi da Gombe da Bajoga da Buni Yadi, tafiyar kimanin kilomita 640, ya iso nan a 1964. Amma idan abin da ake nema shi ne wurin da tsari biyu suka gamu suka kasa shiga juna, muna da namu, sai dai a faɗin dogo yake, ba a wuta ba.

Tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogon Maiduguri ƙafa 3 ce da inci 6, kamar dai tsohon layin Legas zuwa Kano. Tun zamanin Turawa an taɓa samun saɓani a Zariya. Ƙaramin layin da aka shimfiɗa daga can zuwa Jos da Bukuru domin kwaso kuza, wanda aka kammala a 1914, faɗinsa ƙafa 2 ne da inci 6. Taragunsa ba sa hawa babban layi, don haka duk kayan da suka sauko daga tsauni sai lebura sun sauke su a Zariya sun sake lodawa. An rufe shi a 1957. Yau kuma ga sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, mai faɗin ƙafa 4 da inci 8 da rabi, wanda yake tsayawa a Rigasa. Jirginsa ba zai iya taka tsohon dogon da ya ratsa Kaduna ba. Jirgi yana iya ɗaukar na'urar wuta iri biyu a cikinsa, amma raba ƙafafunsa ya fi wuya. Aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri da aka ƙaddamar a 2021 a kan tsohon faɗin aka tsara shi, alhali layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a wannan shekarar mai faɗi ne. Ke nan batun yana nan tare da mu.

Kakanninmu da suka fara ganin jirgi ba su jira kwamiti ba. Kalmar "jirgi" ta ruwa ce tun asali, suka faɗaɗa ma'anarta suka ce jirgin ƙasa, daga baya jirgin sama ya biyo. Layin suka dubi siffarsa suka ce "dogo". "Tasha" da "tarago" da "tikiti" da "reluwe" aro ne da aka yi wa kwaskwarima har suka zama 'yan gida. Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce "diga", daga kalmar Ingilishi mai nufin mahaƙi. Sunan kayan aiki ne, amma ta zama sunan aikin shimfiɗa dogon Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911, aikin da aka tara wa talakawa ta hannun sarakuna, da yawansu ba da son ransu ba. Hanyoyi uku ke nan: faɗaɗa ma'ana, siffantawa, da aro. Su ne dai na bi a sama, ban zo da sabon abu ba.

5.0 Dogo na uku

Yanzu ga amsar tambayar da muka fara da ita. A watan Satumba na 2023 jirgin cikin gari na Legas da ke tafiya daga Marina zuwa Mile 2 ya fara ɗaukar fasinja, kuma tsarinsa na dogo na uku ne mai bolt 750, irin na kudancin Landan. Hausawan da ke neman abinci a wannan yanki na Legas ba su ƙirguwa. Mu kuwa mun tashi mun ga dogo wuri ne na zama da shanya da kasa kaya, yara suna tafiya a kan ƙarfensa suna gwada wanda zai fi daɗewa bai faɗo ba. Wanda ya kai wannan sabo kan dogo mai wuta, ransa ne a bakinsa. An killace layin, amma shinge ba ya hana wanda bai san dalilinsa ba.

Saboda haka gargaɗin da za a rubuta a allo ko a karanta a rediyo da Hausa aikinmu ne, mu ɗaliban harshe. Ga gwaji. "Hattara, layi mai lantarki" ba ta wadatar ba, domin da an ce lantarki ido sama yake tafiya neman waya, ga shi kuwa haɗarin a ƙasa yake. "Dogo na uku" kalma ce mai kyau a aji, amma wanda bai san akwai na ɗaya da na biyu a lissafin injiniya ba, ba ta gaya masa komai. Ni na fi karkata ga "Akwai wuta a jikin ƙarfen dogo, kada a taka", ko da yake ita ma wani zai iya ɗauka zafin rana ake nufi, musamman mutumin Maiduguri da ya san yadda ƙarfe yake yi a watan Afrilu. Wataƙila sai an ƙara "wutar lantarki", a kuma ƙara "tana kisa".

Duk ɗalibin da yake neman batun kundin kammala digiri, ga wani a kusa. Tsofaffin ma'aikatan reluwe suna nan a garin nan, da direbobi da masu gyaran dogo da masu ba da hannu, kuma a bakinsu akwai sunayen sassan jirgi da na kayan aiki, cikin Hausa da Kanuri da Ingilishin ma'aikata, waɗanda ba lalle ne a same su a ƙamus ba. A je da littafi da biro, a tambayi kowace kalma jinsinta da jam'inta da jimlar da ake sa ta. Wanda zai ɗauki hoto a harabar tasha kuwa ya nemi izinin masu tsaron wurin tukuna, domin nan ba Farringdon ba ce.