Amsar Tambaya: Tsakanin Tsami da Kanwa

Ya kai ɗana, ɗalibi daga Djamboutou, ka sani hujjar fannin asid da bes tana madafin mahaifiyarka, domin idan ta jefa kanwa a miyar yakuwa, ta yi kumfa, tsamin ya lafa, to kanwar, wato bes, ita ta karɓe haidurojin da asid ɗin yakuwar ya saki, aka samu gishiri da ruwa, iska ta fice. Mizanin pH kuwa, wanda Sørensen ya ƙago a 1909, ya ajiye ruwa tsantsa a 7, lemon tsami wajen 2, kanwa sama da 7. Jiƙa zoɓo ka raba biyu: lemon tsami zai ƙara masa ja, kanwa ta rine shi duhu. Ruwan batir kam, kul ka ɗanɗana.