Abincin Safiyar Ista a Gidan Kirista

Kowace shekara mukan yi makonni shida ana koya mana yadda ake azumi, amma da wuya a ji wanda ya tsaya ya koyar da yadda ake buɗe shi. Mun san dokar Larabar Toka da ta Jumma'a Mai Tsarki. Mun san mai shekara 14 ya isa ƙaurace wa nama, mai shekara 18 kuma ya isa azumi. Amma da zarar Fada ya sallami jama'a ranar Lahadin Ista, kowa ya kama hanyar gidansa, sai a ɗauka koyarwa ta ƙare, saura aikin tukunya. Darasinmu na wannan wata a kan wannan tukunya yake: abincin da iyali suke taruwa su ci tare da dangi da abokai bayan Mas na safiyar Ista. Yana da kyau a buɗe Bishara ta hannun Yohanna, sura 21, kafin a ci gaba.

Ubangiji ne ya fara hura wuta

Almajirai bakwai ne a cikin jirgi a Tekun Tibariya, sun kwana suna jefa taru ba su kama ko ɗaya ba. Da gari ya waye sai ga wani a bakin gaɓa ya nuna musu inda za su jefa, suka jawo manyan kifaye 153. Da suka sauko, suka tarar an riga an hura wutar gawayi, kifi yana kai, ga kuma gurasa. Wanda ya ci nasara a kan mutuwa kwanaki kaɗan da suka wuce, shi ne ya durƙusa ya yi wa gajiyayyun masunta abin karya kumallo, ya kuma raba musu da hannunsa.

A lura da abu biyu. Ko da yake yana da kifinsa a wuta, sai da ya ce su kawo daga cikin wanda suka kama. Bai so su zauna kamar masu bara ba, ya so kowa ya ga nasa a cikin abin da ake ci. Na biyu kuwa ya shafi Bitrus. Sau biyu kaɗai Yohanna ya ambaci wutar gawayi a Bishararsa. Ta farkon tana farfajiyar babban firist, inda Bitrus ya tsaya yana jin ɗumi yana musun Ubangijinsa (18:18). Ta biyun ita ce wannan. Yesu yana da magana mai nauyi da zai yi da Bitrus, amma bai taɓa ta ba sai da aka gama cin abinci, sa'an nan ya yi masa tambayar nan sau uku. A gidajenmu akwai wa da ƙane da suka shekara ba sa ga maciji a kan gona ko gado, akwai suruka da matar ɗa da gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Mai gidan da ya kira su ranar Ista, ya bar su su ci su ƙoshi tukuna. Maganar sulhu ba ta shiga kunnen mai jin yunwa, kuma ba a yin ta a gaban yara da baƙi.

Ba wannan kaɗai ba ne. A Imuwasu, mutum biyu suka matsa wa wani baƙon hanya ya kwana wurinsu, ba su gane shi ba sai da ya gutsuttsura gurasa (Luka 24). A daren nan kuma ya nemi abinci a wurin almajirai a Urushalima, ya ci gasasshen kifi a idonsu domin su tabbata ba fatalwa suke gani ba. Daga baya, a gidan Karniliyus, shaidar da Bitrus ya bayar ita ce su ne suka ci suka sha tare da shi bayan ya tashi daga matattu (Ayyukan Manzanni 10:41).

Inda al'adar ta samo asali

A Amurka iyalai da yawa sukan haɗa karin kumallo da abincin rana su yi shi sau ɗaya da hantsi ranar Ista, bayan an dawo daga majami'a. Wannan ba ƙirƙirar masu otal ba ce. Ɗaruruwan shekaru, duk Katolikan da zai karɓi Jikin Kristi ba ya sa kome a bakinsa tun daga tsakar dare, ko da ruwa ne. Paparoma Fiyus na 12 ne ya ba da izinin shan ruwa a 1953, ya rage azumin zuwa sa'a uku a 1957, sa'an nan Paparoma Bulus na 6 ya mai da shi sa'a ɗaya a 1964. Saboda haka kakannin bangaskiyarmu sukan fito daga Mas da yunwar gaske, bayan kwana arba'in na hana kai, abincin da ke jiransu a gida kuwa shi ne buɗe-bakin dukan wannan lokaci.

Ƙwan da Turawa suke yi wa ado ma daga nan ya fito. A zamanin dā an hana cin ƙwai cikin Azumi, kaji kuwa ba su san da dokar ba, suka ci gaba da saƙa. Sai a dafa shi a ajiye, ranar Ista a yi ta rabo. A ƙasar Folan, mahaifar Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, har yanzu akan kai ɗan kwando majami'a ranar Asabar Mai Tsarki, da ƙwai da gurasa da gishiri da nama a ciki, Fada ya sa albarka. Washegari a yanka ƙwan gunduwa-gunduwa, kowa a gidan ya ɗauki ɗaya, a yi wa juna fatan alheri kafin a taɓa sauran abinci. 'Yan'uwanmu na Ekklesiyar Otodoks a Habasha sukan yi kwana 55 ba nama, ba ƙwai, ba madara, su fito daga sujadar dare wajen ƙarfe uku su tarar da miyar kaza da ƙwai. Kowace al'umma da abin da ƙasarta ta ba ta. Babu dokar da ta ce waina da miyar taushe, ko tuwon acca, ko ƙosai da kunun gyaɗa, sun kasa gurasar Turawa daraja a wannan rana.

Tasu Ista da tamu

Ista takan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A Turai lokacin ne sanyi yake janyewa, itatuwa su yi toho. A wurinmu bazara ce tsagwaronta. A Sakkwato da Maiduguri da Yola zafi yakan wuce digiri 40, rijiyoyi sun ja baya, rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, manomi kuma yana lissafin iri da taki. Kirsimeti takan zo da kaka a bayanta, Ista kuwa sai ta same mu hannu ya fara bushewa. Wanda ya ce zai yi ta kamar yadda ya yi Kirsimeti, bashi zai ci.

Dokar Idin Ƙetarewa ta riga ta hango irin wannan hali. A Littafin Fitowa 12:4 an umarci gidan da ba su isa cinye ɗan rago ba su haɗa kai da maƙwabcinsu na kusa, a lissafta bisa ga yawan bakuna. Mu watanda muke ce da shi. Gida huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su sayi akuya ɗaya, a yi kashi-kashi, ya fi mutum ɗaya ya sayar da buhun masarar da zai ci da damina domin a ce ya yanka shi kaɗai. Daidai ruwa daidai tsaki. Idan baƙo ya tambayi abin da zai zo da shi, kada a ce masa "ba kome" don jin kunya. A ce ya kawo mangwaro, ga shi lokacinsa ne, ko zoɓo, ko tabarma. Mun ga Ubangiji da kansa ya karɓi kifin baƙinsa.

Zafin nan kuma ba ya ragawa abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce sa'a biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin sanyi ba. Shinkafar da aka dafa da asuba aka rufe a kula har la'asar, da kunun aya da ya wuni a rana, sun sha kai yara asibiti ranar Litinin. A dafa daidai bakin da ake sa rai, a zafafa miya sosai kafin a zuba, a tanadi ruwan sha mai tsabta da na wanke hannu da sabulu tun ranar Asabar.

Wa ke tsaye a bakin murhu?

Ga wani abu da muke gani kowace shekara muna kau da kai. Majami'a ta cika ranar Ista, amma a duba bencin mata, za a ga waɗansu sanannun fuskoki ba su nan. Matan da suka share majami'a, suka yi Hanyar Gicciye kowace Jumma'a ba fashi, su ne suke gida suna fama da hayaƙi domin waɗansu su dawo su tarar da abinci. A ganina wannan ba hidima ba ce, tauye hakki ne, alhakinsa kuma yana wuyan mai gida. Ba a gayyatar mutane cin abincin Ista da kuɗin Mas na uwargida.

Maganinsa ba shi da wuya. Suyar nama, niƙa, tsintar shinkafa, faskare, ɗiban ruwa, duk ana iya gama su ranar Asabar. Wadda ta halarci Mas na daren Ista, inda halin tsaro ya bari a yi shi, ta cika wajibinta na Lahadi, don haka gida mai mata biyu ko uku suna iya raba kansu. Samari kuma su tashi. Saurayin da yake ganin ɗaukar tire zubar da girma ne, a tuna masa wanda ya hura wuta a bakin Tibariya.

Waɗanda za a kira

Dangi da abokai za su zo ko ba a aika ba, zumunci a ƙafa yake. Aikin mai gida shi ne ya tuna da waɗanda ba za su zo ba sai an kira su. A wasiƙarsa a kan Ranar Ubangiji ta 1998, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya lissafa gayyatar masu kaɗaici cin abinci cikin ayyukan da suka dace da Lahadi. A kowace farish akwai su: gwauruwar da 'ya'yanta suke birni, ɗan hidimar ƙasa da aka turo daga Kudu, ɗalibin da bai sami kuɗin mota ba, iyalin da rikici ya koro daga ƙauyensu suna zaune a ɗakin aro.

Amma waɗanda suka fi damuna su ne sababbin masu baftisma. A daren Asabar mun ga an zuba musu ruwa, an sa musu farin tufafi, an miƙa musu kyandir, mun yi guɗa. Waɗansunsu kuwa su kaɗai ne Kirista a gidansu. Washegari da rana, sa'ad da ƙanshin miya ya cika unguwa, suna zaune a ɗaki ba wanda ya ce musu barka. Mun ce da su sun shigo iyali, rana ta farko kuma ba a ajiye musu kwano ba. Uban baftisma da uwar baftisma su sani aikinsu bai ƙare a bakin bagade ba.

Idan an kira su, a zaunar da su inda kowa yake zaune. Manzo Bulus ya tsawata wa Korintiyawa da kakkausar murya domin a taronsu masu hali sukan riga su cinye nasu, wani ya bugu, wani yana jin yunwa, ya kuma umarce su su jira juna (1 Korintiyawa 11). Irin wannan yana faruwa a wurinmu ba tare da mugun nufi ba. Manyan baƙi a falo da cinyar kaza, talaka a zaure da romo, yara kuma sai abin da ya rage a gindin tukunya. A fara zuba wa yara da tsofaffi. Game da burukutu da giyar kwalba, kalma ɗaya ta isa: Ekklesiya ba ta haramta sha ba, ta haramta buguwa, kuma gidan da aka kira marayu da sababbin masu bi ba wurin gwada ƙarfin ciki ba ne.

Maƙwabtanmu Musulmi da suke aiko mana da naman Sallah suna da hakkin kwano a kanmu. A aika musu abin da za su iya ci da kwanciyar rai: naman da mahaucin da suka amince da shi ya yanka, a tukunyar da ba ta taɓa abin da addininsu ya hana ba. In akwai shakka, a aika da cincin, ko ɗanyar shinkafa da mai. A kuma duba lokaci. A 2022 da 2023 da 2024 Ista ta faɗo cikin watan Ramadan, a irin wannan shekara kuwa sai a jira gab da faɗuwar rana, kwanon ya isa daidai shan ruwa.

A bakin tabarma

Kafin a sa hannu, mai gida ya kunna kyandirin da aka dawo da shi daga Mas na dare, ya yayyafa wa abinci da jama'a ruwan da aka tsarkake, yaro guda ya karanta 'yan ayoyi daga Yohanna 21, a ambaci sunayen waɗanda suka ci Ista ta bara tare da mu amma bana suna wurin Ubangiji. Kada addu'ar ta yi tsawon da tuwo zai huce.

Wanda kuma Lahadin ta zo masa ba shiri, kada ya damu. Ekklesiya tana kiyaye kwana takwas na farko kamar rana ɗaya, lokacin Ista kuma kwana 50 ne har zuwa Fentikos. Litinin ɗin Ista ranar hutu ce a Nijeriya, Lahadai kuma suna nan a gaba. Muna roƙon katikis na kowace majami'a, tare da shugabannin Zumuntar Mata Katolika, su rubuta sunayen masu shirin baftisma da na masu kaɗaici kafin Lahadin Dabino, a gaban kowane suna kuma a rubuta gidan da zai ci abinci.