Ƙugin Lasifika Ba Dalilin Karya Ƙafar Filogi Ba Ne

Wani matashi a Babban Mutum, can ƙaramar hukumar Baure, ya sayar da riɗinsa bayan kaka ya haɗa ɗan situdiyo a shagon ƙofar gidansu. Waƙoƙin bege yake ɗauka, da sanarwar biki, wani lokaci da tallar 'yan tireda da ake sakawa ranar kasuwa. Kayansa ba laifi: laftof, miksa, saunkad, makirfo, da lasifika biyu masu amfilifaya a ciki da ya sayo a Kano. Damuwarsa ɗaya, da ya kunna sai ƙugi ya tashi, a samansa kuma ga wata siririyar tsuwwa da ke canza murya duk sanda ya motsa maus.

Ya kira wani mai gyara, irin waɗanda jarinsu bai wuce testa da salatif ba. Ko caja mutumin nan bai zare ba, ya yanke hukunci wai lasifikun jabu ne. Yaro ya kinkime su ya koma Kano, ya yi ta sa-in-sa da mai shagon da bai ci ba bai sha ba, ƙarshe ya yi ciko aka canza masa wasu. Ya dawo ya jona, ƙugi na nan inda ya bar shi. Sai gwanin ya ce to ai ƙafa ta uku ce ke kawo matsalar. Ya ɗauki filaya ya karya doguwar ƙafar filogin miksa, ya karya ta lasifikun duka biyu, ya bi ta ekistenshan ita ma ya karya. Ƙara ta ragu. Ya karɓi kuɗinsa, har da rakiya da godiya.

Da bazara ta kankama, wata rana an yayyafa ruwa a simintin shagon don a ɗan ji sanyi, wani ɗan Islamiyya da ke yin amshi ya tsaya ba takalmi, ya riƙe makirfo ya kai baki, leɓensa ya taɓa ƙarfen. Wuta ta fizge shi ta yar. Allah Ya sa da sauran shan ruwa a gaba, ya tashi da ƙuna a leɓe da hannun da ya daɗe yana masa tsami. Sai a lokacin aka tuna akwai masu wannan sana'a a Daura, aka kira ni.

Da na shiga na ɗaga filogan na ce wa mai situdiyon, "Ƙanena, wa ya yi maka wannan aika-aikar?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Injiniya, wallahi cewa aka yi ba ta da wani amfani." Na buɗe miksar, sai ga waya da zafi ya cinye robarta tana taɓa jikin ƙarfen. Abin da ya fi ƙona mini rai, gidan na da wayar ƙasa mai kyau, domin mahaifin mai situdiyon ya tsaya sai da aka kafa masa sandar tagulla lokacin da ake wayarin. Da ƙafar nan tana nan, da fiyus ne zai ƙone ko bireka ta faɗi, magana ta ƙare. Da aka karya ta, wuta mai ƙarfin bolt 230 ta rasa hanyar ƙasa, sai ta bi wayar makirfo ta bi ta jikin yaron mutane. Ba a nan kaɗai ake yi ba. A 1972, Les Harvey, makaɗin gita ɗan Birtaniya, a kan dandamali ya mutu a garin Swansea bayan ya taɓa makirfon da ba a haɗa da ƙasa ba.

Ƙarar kuma da aka kusa yin asarar rai a kanta? Zare caja kawai na yi, laftof ta koma kan batir, tsuwwa ta ɗauke ɗif. Cajar ba ta asali ba ce, irin marasa nauyin nan ce ta bakin titi. Ƙugin kuwa, laftof na jone a soket ɗin bango, lasifiku na can wani soket a ɗaya kusurwar, an haɗa su da doguwar wayar RCA da aka nannaɗe tare da wayar wuta wai don shago ya yi tsaf. Na sa sababbin filogai, na tara komai a ekistenshan ɗaya mai wayar ƙasa, na canza zuwa wayoyin XLR da TRS, na ce ya nemo caja ta gaskiya. Duka abin da ya kashe bai kai kuɗin motar Kano da cikon da ya yi ba.

Ba a karya ƙafar filogi. Ba a naɗe ta da salatif. Ba a sa mata adafta mai ƙafa biyu. Duk wanda ya ce maka gyara ke nan, raka shi bakin ƙofa.

Ku kuma masu situdiyo, ku riƙa sauraron ƙarar kafin ku ruga neman mai gyara. Ƙugi mai kauri da ba ya canzawa, na wutar gida ne mai bugawa sau 50 a daƙiƙa, sau da yawa daga haɗin ƙasa biyu yake zuwa. Tsuwwar da ke bin maus ko motsin allo, daga kwamfuta take, ta USB ko ta caja. Ku zare kaya ɗaya bayan ɗaya, wanda aka zare shiru ya biyo baya shi ne mai laifi. Wannan ba ya buƙatar ko sisi, amma mutum ya gwammace ya hau mota zuwa Kano. In an yi duk wannan ƙugi ya ƙi tafiya, akwai ɗan akwati mai tiransifoma a ciki da ake sawa a kan wayar sauti, a kan wayar sauti na ce, ba ta wuta ba.

Masu sola, inbata mai araha wadda wutarta ba sumul take fita ba, za ta sa lasifika kuka ko da wayoyinka na zinare ne, in fanka na gurnani a kanta to kar ka zargi lasifika. Ƙaramin janareta ma haka. Ƙwan fitila mai arha, cajar waya, duk suna taɓawa. Mutanen bakin iyaka kuma ga taku ta daban: waya mai layin Nijar da na Najeriya, in sabis ya yi rauni ƙara ƙarfi take yi tana nema, shi ne wannan dit-dit-dit da kuke ji. Ku ɗauke ta daga kan miksa.

Gidaje da yawa a ƙauyukanmu rami uku ne kawai a soket, babu wayar ƙasa a bayansa, wasu kuma an kafa sandar a busasshen rairayi da rani ba ta aikin kirki. A sa mai wayarin na gaske ya auna. Kuma don Allah a daina barin yara suna riƙe makirfo ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti.

Na sake faɗa, ba a karya ƙafar nan. Duk mai situdiyo, da mai kula da lasifikar masallaci ko ta Islamiyya, ya je yau ya duba filogansa. Wanda ya tarar an karya, kar ya sake jona shi sai an canza.